Harsashi 500 na farko a sabuwar ƙaramar fistol

Wanda ya miƙo min akwatin ya ce ba ta buƙatar komai, in loda kawai in harba. Kawuna kuwa, da ya juya ta a hannu ya ja silaid ɗinta, wato ƙarfen saman da ke zuwa baya ya dawo, sau biyu, cewa ya yi: "Ɗana, wannan a ɗaure take. Kada ka yarda da ita sai ta ci ɗari biyar." Na bi maganar kawu, amma da littafi da biro a gefe, don in ga ko horon, wato yawan harbin farko da ake cewa yana sassauta sabuwar bindiga, shi ne ke gyara ta ko wani abu ne dabam.

Fistol ce mai cin harsashin milimita 9, irin ƙananan nan da suka cika kasuwa tun da SIG ta fito da P365 a 2018, Glock ta biyo da 43X a 2019, Springfield ma ta kawo Hellcat a shekarar. Magazin ɗinta, wato gidan da ake jera harsasai, abin da Larabawa ke kira makhzan, yana ɗaukar goma. Bututunta bai kai santimita 9 ba. Ba zan faɗi kamfanin tawa ba, domin abin da ya same ni da guda ɗaya ba hujja ba ce a kan dubbai. Da lasisin Ma'aikatar Cikin Gida na mallake ta, kuma duk harbin da zan ambata a filin harbi mai rajista aka yi shi a nan Jidda. Daga gida zuwa can tana cikin akwati a kulle, babu harsashi a cikinta, lasisi yana aljihu.

Su kansu kamfanonin ba bakinsu ɗaya ba. Kahr ta Amurka ta rubuta a littafinta cewa a harba 200 kafin a ɗauki bindigar a matsayin abin dogaro. Kimber ta kan ce 400 zuwa 500 ga fistol ɗinta ƙirar 1911, masu matsattsen haɗi. Glock ba ta gindaya wani adadi ba. Saboda haka kafin a yi musu a majalisa, a buɗe ɗan littafin da ke cikin akwati, wanda yawancinmu ke jefarwa tare da leda.

Dalilin da ƙananan suka fi manya tsirfa yana cikin yadda suke aiki. Idan aka harba, bututu da silaid suna komawa baya tare na 'yan milimitoci, sai gindin bututu ya sunkuya ya saki silaid, tsarin da John Browning ya kafa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Silaid ya ci gaba da tafiya, ƙugiyar da ke gefensa ta zaro kwanso, wani ɗan ƙarfe ya tunkuɗe shi waje, sannan sifirin ya dawo da silaid gaba, ya kwaso sabon harsashi daga magazin ya cusa shi ɗakinsa. A babbar fistol kamar Glock 19, mai bututun santimita 10 da 'yan kai, silaid yana da nauyi kuma tafiyarsa tana da ɗan tsawo, don haka akwai sarari. A ƙarama silaid ba shi da nauyi, gudunsa ya fi yawa, dole a tare shi da sifirin mai tauri, galibi guda biyu ɗaya cikin ɗaya. Tafiyar gajera ce, magazin ba shi da lokacin ɓatawa wajen ɗago harsashi na gaba, shi ma sai aka sa masa sifirin mai tauri. Harsashin kuwa bai ragu ba, shi ne dai wanda babbar ke ci. Ɗan busasshen mai, ko ɗan kaifin da injin masana'anta ya bari, ko sakin hannu kaɗan, abin da babbar za ta haɗiye ba a ji ba, ƙarama sai ta tsaya a kansa.

Aikin ya fara ne a gida, mako guda kafin harbin farko. Na cire magazin, na ja silaid baya na kulle shi, na duba ɗakin harsashi da ido, na kuma sa ɗan yatsa. Sabuwa ce, amma ana gwada su da harbi a masana'anta, kuma wasu ƙirar, irin su Glock, sai an danna kunama kafin silaid ya fita. Mutane da yawa a daidai wannan gaɓar suka huda cinyarsu ko bangon ɗaki. Kwalin harsasai ma a wani ɗakin na bar shi.

Da na kwance ta gida huɗu, wato gangar jiki, silaid, bututu da sifirin, abin da na tarar ba man aiki ba ne. Wani abu ne mai danƙo, launin zuma, da ake shafawa don kada ta yi tsatsa a jirgin ruwa da sito. Yana hana tsatsa, amma yana riƙe ƙarfe, kuma ƙura na manne masa. Na goge shi da tsumman auduga da ruwan wankin bindiga, na bi lungunan da tsohon buroshin haƙori, na zura ƙyalle cikin bututu daga gindi zuwa baki har ya fito fari. Mai Glock ya lura da abu ɗaya: wani giris mai launin jan ƙarfe da ke cikin silaid da gangan kamfanin ya sa shi, kuma ya ce a bar shi ya cinye da kansa.

Sai dubawa da fitila. Gangaren da harsashi ke hawa ya shiga ɗaki ya kamata ya zama sumul. Na bi shi da auduga, domin in akwai kaifi zai kama zare. Na danna ƙugiya da tsinke na ji tana da ƙarfi tana dawowa. Na ɗauki bututun shi kaɗai, na jefa harsashin roba na gwaji a ɗakinsa, ya faɗa da kansa, na kifa ya zubo da kansa. Daga baya na yi wannan gwajin da kowane irin harsashin da na saya, bututu a hannu ba a jikin bindiga ba. Wanda ya ƙi faɗawa sai an tura, ba zai shiga da daɗi ba a filin harbi.

Man shafawa ɗigo biyar zuwa shida ya isa. Ɗigo a kan layukan ƙarfen da silaid ke gudu a kai, ɗigo a bayan bututu a shafe da yatsa har wajen baki, kaɗan a kan kafaɗar bututu inda take kullewa da silaid, kaɗan a cikin rufin silaid inda yake gogar bututun, sai ɗigo ɗaya a mahaɗar kunama. Inda ba a sa wa ko kaɗan shi ne ramin allura, wato siririn ƙarfen da ke dukan gindin harsashi ya tashe shi. Mai a wurin yana haɗuwa da toka ya zama kunu, allura ta rage gudu, ta daki kafsul, ɗan maɓallin da ke tsakiyar gindin harsashi, bai tashi ba. Cikin magazin ma a bushe ake barinsa.

A nan ƙasar batun mai ya danganta da garin da mutum yake. Jidda laima ce da gishirin Bahar Maliya, ga gumi, saboda haka bayan ƙarfen ma yana son shafa mai siriri, in ba haka ba maɓallin magazin da saiti su ne farkon yin ja. Wanda ke Riyad ko Madina abokin gabarsa ƙura ce, sai ya rage man ya goge abin da ya fito waje. Zafin cikin mota kuma yana ƙafar da mai marar kauri cikin 'yan makonni. Bindigar da aka shafa a watan jiya tana iya zama busasshiya yau.

Magazin uku gare ni, na rubuta musu 1, 2, 3 a gindi da alƙalamin fenti. Duk cikin shirin babu abin da ya kai wannan amfani, kamar yadda za a gani. Harsashi na tara da na goma sun ƙi shiga da yatsa, sai da na'urar lodawa. Na cika su na ajiye a kulle kwana bakwai. Sabon sifirin yana ɗan zaunawa a farkon matsa shi, sannan ya tsaya a inda zai daɗe. Ita kuma bindigar, babu komai cikinta, na riƙa jan silaid ina mayarwa kamar sau 200 cikin makon, ina raka shi da hannu ba ina sakinsa ya buga ba. Na kuma juya harsasan roba ta kowane magazin. Wannan bai maye gurbin harbi ba, amma zuwa ƙarshen mako ƙarar yashi-yashin da ake ji in an ja silaid ta ragu.

Zama na farko bayan sallar isha'i ne, harsashi 150, duka masu cikakkiyar rigar tagulla, nauyin giren 124, wato giram 8. Da gangan na fara da shi maimakon mai giren 115. Sabon sifirin mai tauri yana son turi mai ƙarfi, kuma 115 mai arha yakan zo da rauni. Abin toshe kunne na soso a ciki, na sawa a kai a waje, ga tabarau. Ƙarar milimita 9 daga gajeren bututu a rufaffen wuri tana kaiwa wajen desibel 160. Nisa mita bakwai. Ba saiti na je nuna wa kowa ba.

Magazin na 1 ya tafi lafiya. A harbi na 12, da magazin na 2, na danna kunama na ji ta mutu. Da na duba, yatsa a waje, baki yana kallon gaba, sai na ga silaid bai ƙarasa rufewa ba, saura kamar milimita uku, bayansa ya ɗan leƙo daga gangar jiki. Na buga shi da tafin hannu ya shige. Na rubuta: 12, magazin 2, bai rufe ba. A na 43 ya sake, da magazin na 2 kuma. A na 58 na gwada harbi da hannun hagu shi kaɗai, sai kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da kwanso ke fita, silaid ya cije shi a tsakiya, buɗaɗɗen bakinsa yana kallon rufi, hayaƙi siriri yana fita daga ciki kamar bututun gidan burodi.

Akwai kuma wani abin da ya fi waɗannan yawa: sau biyar silaid ya ƙi tsayawa a buɗe bayan harsashi na ƙarshe. Na riga na fara rubuta shi a matsayin laifin bindiga sai kawu, da ke tsaye a bayana, ya taɓa min kafaɗa.

"Ɗago babban yatsanka. A kan me ya kwanta?"

"A kan maƙullin silaid, Kawu."

"To ita ta gaya maka ka danne shi? Wurin kamu ƙarami ne, hannunka babba. Kauce masa ka sake."

Na matsar da yatsan waje kaɗan, abin bai sake faruwa ba har yau. Kwanson da ya maƙale a na 58 ma daga hannu ne. Silaid yana buƙatar gangar jiki ta tsaya cik ya samu abin tokara; in wuyan hannu ya saki, bindigar gaba ɗaya ce ke komawa baya, silaid ya rasa ƙarfin ƙarasa tafiyarsa. Fistol mai nauyin rabin kilo ba ta yafe wannan. Na tabbata kaso mai yawa na abin da ake kira horon bindiga, hannun mai ita ne ke koyon riƙo, sai a ce ƙarfe ya yi laushi.

Daga na 59 zuwa na 150 babu tsayawa ko ɗaya.

A gida na sake kwancewa, kuma a nan ne ake ganin horon na gaskiya. A kan kafaɗar bututu baƙin fenti ya goge ya bar layi mai sheƙi, haka ma a zagayen bututun kusa da baki, da kan layukan gangar jiki. Ba lalacewa ba ce, wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe ne suka daidaita da juna, kuma su ne ke nuna wa mutum inda zai riƙa ɗiga mai daga yanzu. A kan gangaren shiga akwai ɗan garin tagulla kamar an barbaɗa kwalli mai ruwan zinariya. Kaɗan ba komai. Da ɓarɓashi ne manya-manya, ko kwansunan da na tsinto suna da zurfin karce ko kumburi a gindi, da magana ta canja. Na kan tsinci goma daga kowane zama in duba: ramin da allura ta yi a kafsul ya zama a tsakiya kuma da zurfi, bakin kwanso kada ya lotse sosai.

Zama na biyu harsashi 200 ne, rabi 124 rabi 115. Wannan karon na ƙara wani gwaji: harsashi ɗaya a ɗaki, cikakken magazin a ƙasa. A haka harsashin sama yana danna cikin silaid da dukan ƙarfin sifirin, yana rage masa gudu, kuma magazin kan ƙi kamawa sai an buga gindinsa da kyau an ja an tabbatar. Na 1 da na 3 suka wuce. Na 2 ya sake hana silaid rufewa, a harbi na 187 in an haɗa da na baya.

Sau uku kenan, duka a magazin guda. Da ban sa musu lamba ba, da na ce bindigar ce ba ta gama horuwa ba, in ci gaba da ƙona kuɗi ina jiran ta warke. Na zare gindin magazin ɗin, na fito da sifirin da robar da ke tura harsasai sama. A gefen robar akwai wani siririn tsini da ya rage daga wurin zubi, yana gogar bango, har ya bar farin layi a ciki. Ban kankare shi ba, ko da yake minti biyu zai ɗauka. Yana cikin garanti, na mayar wa dillali aka canja min. Sabon na rubuta masa 4, ban ba shi lambar tsohon ba, don kada lissafi ya cakuɗe.

Da na koma kan 115, bambancin a fili yake. Shurin ya fi sauƙi, amma kwansuna maimakon su yi tsalle mita biyu zuwa dama sai suka riƙa zubowa kusa da ƙafata, biyu ma suka dake ni a goshi. Ɗaya ya maƙale, a na 266. Wannan alamar silaid ne da ke isa baya da ƙyar. Zuwa ƙarshen kwalin sun ɗan ƙara nisa, wanda ke nuna sifirin ya fara zaunawa. Duk da haka hukuncina shi ne wannan bindigar ta fi son 124, kuma shi zan riƙa saya mata.

Abu biyu ba su faru da ni ba amma duk mai wannan aikin ya san su kafin ya fara. In an danna kunama aka ji ƙyas babu tashi, a bar baki yana kallon gaba daƙiƙa talatin kafin a buɗe, domin wani harsashin yakan yi jinkirin kamawa. In kuma aka ji ƙara 'yar ƙarama, shuri babu ƙarfi, a tsaya nan take, a cire magazin, a kwance a leƙa bututu. Mai yiwuwa kan harsashi ya tsaya a ciki, kuma wanda zai biyo bayansa fasa bututun zai yi a hannun mutum.

Zama na uku ban wanke ta ba, da gangan, ɗigo biyu kawai na ƙara a layuka. Harsashi 150, da hannu biyu, da dama kaɗai, da hagu kaɗai, a hankali da kuma sauri, magazin 1, 3 da 4. Babu tsayawa.

In an tattara littafin, cikin 500 an samu tsayawa biyar da ƙin kullewa biyar. Uku na magazin ne mai aibi, shida na hannuna, ɗaya na harsashi mai rauni a kan sabon sifirin. Wannan na ƙarshen kaɗai zan iya cewa horo ne ya magance shi. Laushin da silaid ya yi gaskiya ne, kunama ma ta rage ƙaiƙayi, amma duk wannan ya faru ne cikin 200 na farko. Sauran 300 ɗin, in ban da zaman da sifirin ya ƙara yi, ba gyara suka yi ba, shaida suka bayar. Shi ya sa ban yarda da mai cewa a fito da ita daga akwati a dogara da ita ba, ko da kamfaninta bai nemi horo ba, domin magazin na 2 a cikin akwatin ya zo. Ban kuma yarda da dillalin da za a kai wa bindiga mai tsayawa a kowane magazin ya ce a je a ƙara ɗari biyar ba. Matsalar sabunta raguwa take yi: misali uku a hamsin na farko, ɗaya a ɗari na gaba, sannan shiru. Wadda ke nan daram bayan 200 ko 300, da harsashi mai kyau, da magazin dabam-dabam, a hannun mutum biyu, aibi ce, kuma wurinta wajen dillali. Kada a kai mata zarto ko takardar yashi. Gangaren shiga da aka ci da yawa yana rage wa gindin kwanso madogara, garanti ya tafi, haɗari ya shigo.

Wanda zai canja irin harsashi, musamman zuwa mai rami a kai a inda ake sayar da shi, sai ya sake gwaji da shi kansa, ko da hamsin ne, ta kowane magazin. Siffar kansa dabam ce, yadda yake hawa gangare ma dabam. Kada kuma a riƙa shigar da harsashi guda ɗaki ana fitarwa kullum. Kowane shiga yana ɗan tura kansa cikin kwanso, wuri ya ragu, matsin albarushi ya ƙaru. In an jera shi da sabo aka ga ya gajarta, a ware shi. Haka nan ba a jefa harsashi ɗaki da hannu a saki silaid a kansa, ƙugiya ce ke shan wahala. Daga magazin ake ɗaukowa.

Sifirin silaid na ƙananan nan yana gajiya da wuri fiye da na manya, don haka lissafin bai tsaya a 500 ba. Na bar littafin a cikin akwati, na rubuta adadin da kamfanin ya ce a canja shi a bangon farko, na kuma sayi guda na ajiye. Bayan kowane zama, kafin a taɓa abinci ko a ɗauki yaro, a wanke hannu da sabulu da ruwan sanyi, saboda dalmar da ke cikin hayaƙin kafsul tana kwanciya a fata da hannun riga.